Google Docs yana da daɗin gyara, amma kar ka tsara furojet ɗinka a waya

Masu yawan tambayata ko Google Docs, manhajar rubutu ta Google da ake aiki da ita ta intanet, zai iya tsayawa a madadin Word wajen rubuta furojet ko takardun ƙungiya, amsar ita ce eh amma da sharaɗi. Buga takardu ne sana'ata a nan Tudun Wada Gombe, yawancin masu kawo min aiki ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe (GSU) ne da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE), wasu ma daga jami'ar Kashere suke turowa ta WhatsApp, don haka abin da nake gani kullum a kan teburina zan faɗa.

Kyauta ne dai in kana da Gmail, suna ba ka 15GB wanda ake rabawa tsakanin imel ɗinka da hotuna da fayiloli, shi kuma rubutu zalla ba ya cin wuri sosai. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 2006 Google suka sayi wata manhaja mai suna Writely suka gina shi a kanta, mu ne dai ba mu waye da shi da wuri ba. Kana rubutu yana adanawa da kansa, wanda aka taɓa ɗauke masa wuta yana tsakiyar babi na uku ya san darajar wannan. Filash ya kama bairos ko waya ta faɗa ruwa, ka shiga da imel ɗinka a ko'ina ka ɗora daga inda ka tsaya.

Inda ya fi ƙarfi wallahi shi ne gyara tsakanin mutum biyu ko uku. Kun san yadda aka saba, ɗalibi ya buga babi ya kai wa malam, malam ya zazzane shi da jan biro, a dawo a gyara a sake bugawa, kowane zuwa ga kuɗin firintin ga kuɗin keke. A Docs in ka tura wa malam takardar ya sa ta a Suggesting, duk kalmar da ya cire za ka gan ta da layi a tsakiyarta, wadda ya ƙara kuma ta fito da wani launi, a gefe ga alamar amincewa ga ta ƙi, kai ne za ka zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ni da nake cin abinci da firintin ma na yarda ya fi, ko da yake ba kowane malami ne zai yarda ya duba aiki a allo ba, wasu sai sun ji takarda a hannu.

Sai dai a kula da izinin da ake bayarwa. Iri uku ne, mai kallo kawai, mai tsokaci, da mai gyara. Sakatarorin ƙungiyoyi suna da wannan hali, a rubuta tsarin mulkin ƙungiya a jefa linkin a guruf ɗin mutum ɗari kowa da ikon gyara, kafin la'asar wani ya goge sashen kuɗi da gwiwar hannu bai ma sani ba. Sa'ar dai akwai Version history, yana nuna yadda takardar take jiya ko makon jiya har da wanda ya taɓa ta, sai ka dawo da tsohuwar.

To yanzu tsari, nan ne rigimar take. A waya rubutun yana zuba ne kawai kamar dogon saƙo, ba ka ganin inda shafi ya ƙare sai ka kunna Print layout, kuma ko ka kunna ɗin allon ya yi ƙanƙanta. Shi ya sa ɗalibi zai zo yana cewa oga na gama komai bugawa kawai za ka yi, in buɗe a kwamfuta in tarar taken babi na biyu yana can ƙasan shafi shi kaɗai, tebur ya rabe gida biyu, shi kuma taken an tura shi tsakiya da dannan sifes wajen talatin, sabon shafi kuma da Enter aka yi ta bugawa har aka kai. Da an ƙara layi ɗaya a sama komai ya rushe.

Abin da ya kamata tun kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka shiga Page setup ka tabbatar takardar A4 ce, don sau da yawa a Letter na Amurka take zuwa, wadda ta fi tamu gajarta da faɗi kaɗan. Rubutun yana farawa da Arial 11 ne, in sashenku Times New Roman 12 suke so da tazara biyu tsakanin layi ka canza tun farko. Taken babi ka sa masa Heading 1, ƙananan take Heading 2, in ka yi haka, da ka saka jerin abubuwan da ke ciki daga Insert da kansa zai fito da lambobin shafi, ba sai ka zauna kana jera ɗigo ɗigo da hannu ba. Sabon shafi Ctrl da Enter. Abin da ka kwaso daga intanet kuma ka liƙa shi da Ctrl Shift V, in ba haka ba zai shigo da launinsa da girmansa, takarda ta zama kamar zanen atamfa. Lambobin Romawa na shafukan farko, su sadaukarwa da godiya, nan kam Word ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, ni a can nake ƙarasa wannan ɓangaren.

Masu rubutu da Hausa ku shirya ganin jan layi a ƙarƙashin kusan kowace kalma, ku kashe shi kawai a Tools wurin duba kuskuren rubutu. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, a waya Gboard yana da allon Hausa, a kwamfuta kuwa akwai Special characters inda za ka zana harafin da maus ya nemo maka shi. Wani fon ɗin ba shi da su, sai ka ga ƙ ta fito daban da sauran haruffan, to ka canza fon.

Maganar data, rubutu ba ya ci sosai, sabis ne matsalar in ya yi rauni. Ana iya aiki ba intanet amma sai ka kunna hakan tun kana da sabis, a kwamfuta kuma sai ka ƙara wa Chrome wata 'yar manhajarsu.

In za ka kai wa mai firinta, ka nemi kwamfuta ko ta awa ɗaya ce ka duba shafi shafi, sannan ka sauke shi a PDF ka tura. In ka sauke a tsarin Word aka buɗe a wata kwamfutar da ban, teburori da tazara suna iya gocewa, shafi sittin ya koma sittin da biyu, lambobin shafi na jerin abubuwan da ke ciki su daina dacewa, kuma sai an yi bandin za a gani.