Injin markaɗen da ya kasa tsallaka teku zuwa Belfast

Kwana biyu da haihuwar 'yarmu, a watan Janairun 2025, matan 'yan uwanmu da ke zaune a nan Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa a Birtaniya, suka taru a gidana suka yanke shawarar cewa waina da ƙosai za a yi ranar suna, kuma ɗan injin da muke da shi ba zai iya markaɗa shinkafa da waken mutum hamsin ba. Na sayi babban injin markaɗe ta intanet daga wani shago a Manchester, wanda na yi shekara uku ina ciniki da shi lokacin da nake zaune a can. Washegari da safe sai na ga kuɗina sun dawo cif, tare da gajeren saƙo cewa ba sa aika kaya inda nake. Na ɗauka kuskure ne, na buga waya. Mutumin da ya ɗauka ya ce da ni, cikin muryar wanda ya gaji da maimaita magana ɗaya, su yanzu a cikin gida kawai suke sayarwa, ba sa fitar da kaya waje. Na ce masa ai ni ma a cikin gidan nake, fam nake kashewa kamar yadda yake kashewa, kuma harajin da ake yanka a albashina Landan yake tafiya. Ya yi 'yar dariya, ya ce in je in yi wa 'yan siyasa wannan bayani, ya kashe waya.

Ni mutumin Katsina ne, kakata ta wajen uwa kuma 'yar Maraɗi ce, saboda haka na san ciwon iyakar da ta ratsa tsakiyar dangi. Abin da ban taɓa zato ba shi ne in tarar da iyaka a tsakiyar ƙasa ɗaya, a kan ruwa, inda babu shinge babu ganga, amma ta hana mai jego cin waina.

Sai da wani abokin aikina ɗan asalin garin ya zaunar da ni na gane cewa mai shagon, duk da rashin ladabinsa, ba ƙarya ya yi ba. Lokacin da Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a watan Yunin 2016, mutanen Ireland ta Arewa, kusan kashi 56 cikin ɗari, sun zaɓi a zauna, amma rinjayen ƙasa baki ɗaya ya tafi da su. Matsalar ita ce wannan yanki ne kaɗai yake da iyaka ta tudu da wata ƙasar Tarayyar, wato Jamhuriyar Ireland, iyaka mai tsawon kusan kilomita 500 da mashiga fiye da 200. A kan makomar yankin aka shafe kimanin shekara talatin ana zubar da jini, aka rasa rayuka sama da 3,500, kafin yarjejeniyar sulhu ta 1998, kuma kowa ya san cewa ranar da aka sake kafa rumfar kwastan a kan hanyar Newry zuwa Dundalk da ta ratsa iyakar, ranar aka tono tsohon gyambo. Don haka aka ɗauke binciken daga tudu aka mayar da shi tashoshin ruwa na Belfast da Larne da Warrenpoint. Tun daga farkon 2021, kayan da suka taso daga Ingila ko Scotland sai sun bi ƙa'idar Turai kafin su shigo nan, alhali mutanen da za su saye su 'yan Birtaniya ne. Injina kuwa ya faɗa hannun wata sabuwar dokar Turai ta lafiyar kaya wadda ta fara aiki ranar 13 ga Disambar 2024, wadda ta ce duk mai sayar da kaya a nan sai yana da wakili a cikin Tarayyar ko a Ireland ta Arewa wanda zai amsa tambaya idan kayan suka yi ɓarna. Manyan kamfanoni sun naɗa wakilansu. Ƙaramin mai shago ya yi lissafi, ya ga mu ba mu kai wahalar ba.

Wannan iyaka ta takarda tana bin mutum har cikin firij. Ranar da maiɗakina ta fara ganin tambari a jikin ledar nama da madara mai cewa kayan nan ba na Tarayyar Turai ba ne, sai ta mayar da su kan kantar shagon, ta ce ita ba za ta ba yara abin da Turawa suka ƙi ba. Ban ga laifinta ba, domin mu mun taso inda ake jibge mana maganin da ya lalace da shinkafar da ta shekara goma a sito. Amma tambarin ba hukunci ba ne a kan ingancin naman. Ya fito ne daga yarjejeniyar Windsor da Firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, da shugabar Hukumar Tarayyar Turai, Ursula von der Leyen, suka ƙulla a watan Fabrairun 2023, wadda ta raba kaya gida biyu: wanda zai tsaya a nan ya bi koren layi da takardu kaɗan, wanda zai wuce kudu zuwa Jamhuriyar Ireland ya bi jan layi a bincike shi sosai.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda rigimar kwantenar tsiran alade da cuku ta rushe gwamnati sukutum. Yankin yana da majalisarsa ta mutum 90 a Stormont, ita ke riƙe da asibitoci da makarantu da hanyoyi da noma, kuma bisa sulhun 1998 ba a kafa gwamnati sai masu son zama da Birtaniya da masu son haɗewa da Ireland sun zauna kujera ɗaya. Idan ɗaya ya tashi, ɗayan ma ya tashi ke nan. A watan Fabrairun 2022 jam'iyyar DUP, ta masu son zama da Birtaniya, ta janye Babban Ministanta, Paul Givan, tana cewa iyakar teku ta mayar da su bare a ƙasarsu, kuma ko da Sinn Féin, ta masu son haɗewa da Ireland, ta zo ta ɗaya a zaɓen Mayun wannan shekara da kujeru 27, sai aka yi shekara biyu cur babu cikakkiyar gwamnati. A cikin wannan hali na iso garin. Na yi ta jiran in ga abin da na saba gani idan gwamna ya yi wata biyu a ƙasar waje, amma albashi bai yi lattin kwana ɗaya ba, motar shara ba ta fasa zuwa ba, famfo bai ɗauke ba, domin manyan sakatarori sun ci gaba da tafiyar da ma'aikatu bisa abin da doka ta riga ta tanada. A nan na ji kunya ƙwarai, na tuna yadda a wurinmu fayil ɗin fansho ke kwana a kan tebur har mai shi ya mutu saboda mai girma bai dawo daga Umara ba.

Kada dai a ɗauka babu wanda ya ji a jikinsa. Sakatare ba shi da ikon ƙara albashi ko gina sabon asibiti, saboda haka ma'aikatan jinya da malamai suka zauna a baya da takwarorinsu na Ingila yayin da farashi ke hawa, har ranar 18 ga Janairun 2024 aka yi yajin aikin da ya tsayar da bas da jirgin ƙasa da makarantu a tsakiyar sanyi. Sai da Landan ta ɗora fam biliyan 3.3 a kan tebur, ta kuma yi wa DUP wasu alkawura, kafin a dawo ranar 3 ga Fabrairu, Michelle O'Neill ta Sinn Féin ta zama Babbar Minista, Emma Little-Pengelly ta DUP mataimakiya mai iko daidai da nata. Jerin masu jiran ganin likitan ƙwararru a nan ya fi na ko'ina tsawo a Birtaniya, kuma ni da nake aiki a fannin lafiya ina ganin tsofaffin da suka yi shekaru suna jiran aikin ƙugu. A wannan fanni kam, mai kuɗi a Kano ya fi su saurin ganin likita. Sai dai a nan magani kyauta ne idan likita ya rubuta, alhali a Ingila ana biyan kusan fam goma kan kowane ɗaya, kuma gidaje ba sa karɓar takardar kuɗin ruwa. Majalisar da ke iya yanke wannan duka ba ta da ikon cire harafi ɗaya daga dokar da ta hana ni injina. An ba ta wani birki, wanda mambobi 30 daga jam'iyyu biyu za su iya takawa idan sabuwar dokar Turai ba ta yi musu ba, amma da suka gwada shi a ƙarshen 2024 kan lamban sinadarai, Landan ta ce dalilinsu bai kai ba.

Duk da haushin da nake ji, ranar da na raka wani aboki Newry na tsaya ina kallon tankokin madara suna wucewa kudu ba tare da direba ya taka birki ba, sai jikina ya yi sanyi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na madarar yankin a Jamhuriya ake sarrafa ta. Alamar iyaka kawai ita ce allon hanya ya daina ƙirga mil ya koma kilomita, fam ya koma yuro. Na tuna hanyar Katsina zuwa Jibiya zuwa Ɗan Isa, inda direba ke ware canjin da zai miƙa a kowane shinge tun kafin ya tayar da mota. Na tuna watan Agustan 2019, da aka wayi gari an rufe iyaka har zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da tireloli suka yi layi a Jibiya da Illela kaya suna ruɓewa, aka kuma yanke wa Nijar wutar lantarki. Babu wanda ya tambayi majalisar Katsina ko ta Sakkwato, balle mai sayar da albasa. Yanzu Nijar ta fice daga ECOWAS tun ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ban ji ana wani zaman shekara da shekaru a kan yadda buhun gero zai riƙa tsallakawa tsakanin Maraɗi da Katsina ba. Mutanen nan sun yi shekara bakwai suna jayayya a kan takardar tsiran alade, abin har ya ba ni dariya a da, amma hanyarsu ba ta rufu ko na yini ɗaya ba.

Sai dai hanyar a buɗe take ga madara, ba ga mai koren fasfo ba. Bizar Birtaniya ba ta ba ɗan Najeriya izinin taka Jamhuriyar Ireland, kuma 'yan sandan can sukan tsayar da bas ɗin Dublin su duba takardu, saboda haka na juyo daga Newry ina hangen ƙasar da ban isa in sha shayi a cikinta ba.

Injin kuwa, a ƙarshe wani ɗan uwa da ke Glasgow a Scotland na roƙa aka aika masa, ya saka shi a but ɗin motarsa, ya hau jirgin ruwa daga Cairnryan, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci, babu wanda ya ce ya buɗe but. Da ya iso na ce masa a Jibiya sunan wannan aiki fito, kuma ana biyan mai yin sa. Ya zo kwana biyu bayan suna. Wainar da aka ci ranar, a gidaje huɗu aka markaɗa ƙullunta da ƙananan injuna, ɗaya daga ciki ya ƙone, kuma har yau maƙwabciyarmu 'yar Zariya tana tuna mini cewa ina da bashinta.