Na'urar Lantarki Mai Taimaka wa Ƙashi Ya Haɗe: Bitar Wadda Muka Ɗauka Haya a Legas

Duk wanda ya san zaman Hausawa a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ya san cewa karayar ƙwauri ba baƙuwa ba ce a wurinmu, musamman a tsakanin matasa 'yan acaɓa. Yawancin karaya tana haɗewa, ko a hannun likita ko a hannun maɗori, amma akwai wadda takan ƙi, a shafe watanni ana ɗaukar hoton ƙashi ana ganin tsagar tana nan yadda take. Irin wannan ce ta sami ƙanena, kuma a kanta ne likitan ƙashi ya ba da shawarar a gwada wata ƙaramar na'ura da ake ɗaurawa a jiki, wadda muka samu haya a wani shagon kayan asibiti.

Na'urar ba ta fi tafin hannu ba. Akwati ce mai batir da ake maƙalawa a ƙugu, wayoyi biyu sirara suna fita daga cikinta, kowace tana ƙarewa da ɗan faifai mai danƙo da ake mannawa a fata, ɗaya a wannan gefen karayar, ɗayan a wancan, suna fuskantar juna. Wanda ya taɓa kallon mai gyaran fanka yana canza kafasita zai gane tsarin: faranti biyu ne da wani abu a tsakaninsu, sai dai a nan abin da ke tsakanin tsoka ce da ƙashi. Wuta mai rauni ƙwarai takan riƙa kai-komo tsakanin faya-fayan sau 60,000 a kowace daƙiƙa, ta haifar da filin lantarki da ke ratsa wurin karayar ba tare da an yanka fata ko an soka ƙarfe ba. Mara lafiya ba ya jin komai, ba girgiza ba zafi, har ta kai mahaifiyarmu tana tambayar ƙanen nawa, "Kai ɗan nan, anya abin nan yana aiki kuwa?"

Dabarar ba ta 'yan kasuwa ba ce, tana da tushe a bincike. A 1957 masana biyu 'yan Japan, Fukada da Yasuda, suka nuna cewa ƙashi yakan fitar da ɗan lantarki idan aka matsa shi. Daga baya Carl Brighton na Jami'ar Pennsylvania a Amurka ya yi dogon aiki a kan wannan hanya ta faranti biyu, kuma a 1986 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita wajen jinyar karayar da ta ƙi haɗewa. A ɗakin gwaji akan ajiye ƙwayoyin halittar ƙashi a cikin ɗan faranti mai ruwan raino, a sa shi tsakanin faifan ƙarfe biyu da ba sa taɓa ruwan, domin idan ƙarfe mai ɗauke da wuta ya shiga ruwan yakan sauya tsaminsa, ya zubar da ɓurɓushin da zai gurɓata sakamako. Abin da aka gani shi ne, filin lantarkin yana buɗe ƙananan ƙofofin da sinadarin kalsiyam ke bi ya shiga ƙwayar, shigarsa kuma ke zaburar da ita ta hayayyafa ta fara gina sabon ƙashi.

Shaidar da ta fito daga jikin mutane ba ta kai wannan ƙarfi ba, kuma nan ne mai shagon ya wuce gona da iri da ya ce mana ba ta taɓa kuskure. A wani gwaji da Scott da King suka wallafa a 1994, mutum 6 cikin 10 da suka yi amfani da na'ura mai aiki sun warke, alhali babu ko ɗaya da ya warke cikin 11 da aka bai wa ta bogi. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma mutum 21 ba su da yawa. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2011 ta ce alamar amfani tana nan, sai dai hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba.

A wajen amfani na yau da kullum, babbar matsalar ba daga lantarkin take ba, daga fata take. Ana son a bar na'urar a jiki dare da rana, ba a cirewa sai lokacin wanka, ga shi kuwa Legas gari ne na laima da gumi. Kafin azahar gefen faifan ya fara ɗagowa, gashin ƙafa ya manne da danƙon, idan aka ɓare shi da dare sai a tarar da jan da'ira mai ƙaiƙayi, wani lokaci har da ƙananan ƙuraje. Abin da ya taimaka shi ne rage gashin da almakashi maimakon reza, wanke wurin a bar shi ya bushe sarai, da ɗan gusar da faifan daga inda yake jiya ba tare da an kauce wa layin karayar ba. Na yaba da ƙarar da take yi idan faifai ya saki ko batir ya yi ƙasa, ko da yake takan ta da mutum daga barci. Cajin batir kuwa ya danganta da yadda wutar unguwarku take.

Bayan watanni hoton ƙashi ya nuna tsagar ta fara cikewa, yanzu ƙanen nawa yana takawa da sanda. Ba zan ba na'urar wannan yabo ita kaɗai ba, domin a daidai lokacin ne ya daina shan taba, wadda aka san tana jinkirta haɗewar ƙashi, kuma ƙafar tana ɗaure ba ta motsi. Na'urar ba ta miƙe ƙashin da ya karkace, ba ta cike babban giɓi, ba ta kuma maganin ƙashin da ya yi ruwa. Waɗannan aikin tiyata ne, irin wanda ake zuwa Asibitin Ƙashi na Igbobi dominsa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya da mace mai juna biyu kada su kusance ta sai da izinin likita.

Kuɗinta yana bin farashin dala, saboda haka haya ta fi saye ma'ana ga mai ƙaramin ƙarfi. Kafin a biya, a tambayi mai shago ko faya-fayan canji suna cikin kuɗin hayar, a kuma ga adadin da yake da su a ƙasa, domin namu sun ƙare a tsakiyar jinya, muka zauna jiran kaya daga waje na'urar tana ajiye a cikin leda.