Izinin ɗaukaka ƙara ko izinin sabon ƙorafi: wanne ƙaninki zai nema?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce ƙaninki yana gidan yarin tarayya a Amurka, alƙali ya yi watsi da ƙorafin da ya shigar ƙarƙashin sashe na 2255 na dokar tarayya, na neman a soke hukuncinsa, yanzu wasu na ce masa ya ɗaukaka ƙara, wasu na cewa ya shigar da sabo. Allah ya kawo masa mafita. Duk biyun sai da izini, duk kuma dokar 1996 ce ta ɗora wa fursunonin tarayya su, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu bayan harin bam na Oklahoma. Amma nauyinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Na farko, takardar da lauyoyi ke kira COA, ita ce izinin kai wannan ƙorafin da aka ƙi gaban kotun ɗaukaka ƙara. Alƙalin da ya ƙi shi ne ke fara cewa ya bayar ko ya hana, in ya hana sai a roƙi kotun sama. Ba a ce ƙaninki ya tabbatar zai yi nasara ba. A shari'ar Slack da McDaniel ta 2000 Kotun Ƙoli ta ce ya isa a nuna alƙalai masu hankali za su iya saɓani a kan ko an tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, ta kuma sake ja wa kotuna kunne a shari'ar Buck da Davis ta 2017 kada su yanke asalin magana tun a bakin ƙofa. Sai dai in saboda ƙa'ida aka kore shi, misali ya wuce wa'adin shekara ɗaya, aikinsa biyu ne: ya nuna korar abar tababa ce, ƙorafin kansa kuma yana da tushe.

Na biyu, wato izinin shigar da sabon ƙorafi, kuwa tudu ne. Alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara ke dubawa, hanya biyu kacal suke da ita: sabuwar hujja mai ƙarfin da babu mai hankalin da zai same shi da laifi, ko sabon hukuncin tsarin mulki da Kotun Ƙoli ta ce ya shafi tsofaffin shari'u, kamar yadda ta yi wa hukuncin Johnson na 2015 a shekarar 2016. "Lauyana bai yi aikinsa ba" na iya samun COA, amma a nan ba ya wucewa. Masu zagayawa ta sashe na 2241, wata hanyar ƙalubalantar tsarewa, su ma an toshe musu a shari'ar Jones da Hendrix ta 2023.

Don haka a ganina na farkon zai nema, kuma yanzu. Kwana 60 yake da shi daga ranar da aka yi watsi da ƙorafin ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, kada ya tsaya jiran izini tukuna, domin kotun sama tana ɗaukar sanarwar a matsayin roƙon izinin. Ranar da ya miƙa takardar ga akwatin wasiƙun gidan yari ake lissafawa, ya rubuta kwanan wata ya sa hannu. A wannan matakin gwamnati ba dole ta ba shi lauya ba, in dangi za su haɗa kuɗi, lokacin ke nan.