Wace kyamara za ka saya idan allon talabijin za ka riƙa ɗauka?

Wani maƙwabcina mai gyaran talabijin ya ɗauki hoton wata filasma da ya gyara don ya sa ta kasuwa a Facebook. A ido allon tas yake, amma a hoton sai ga baƙaƙen layuka sun ratsa shi, har masu saye suka ɗauka lalatacciya ce. Ya ce zai nemi kyamara mai megafiksel da yawa. Na ce masa ya dakata, ba nan gizo ke saƙar ba.

Talabijin ba hoto ɗaya take nunawa a tsaye ba, sabunta shi take yi. A Najeriya da Nijar sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ma layi-layi take zana hoton daga sama zuwa ƙasa. In kyamara ta ƙifta da sauri, wato ta buɗe idonta ta rufe nan take, misali 1/500 na daƙiƙa, wani yanki kawai take kamawa, sauran ya fito baƙi. Maganin shi ne ka sa ta ƙifta a hankali, 1/50 ko 1/25. Don haka tambayar farko ga mai shago ita ce: wannan kyamarar tana barin mutum ya saita saurin ƙiftawa da hannunsa?

Ƙananan kyamarori na aljihu masu araha, waɗanda komai su ke zaɓar maka, ka bar su a shago. Waya kuwa ta danganta. Wayoyin Samsung da yawa da wasu na Tecno Camon suna da yanayin Pro, inda za ka ga lambobin ƙiftawar ka zaɓa. Manhajar kyamarar da ke zuwa da iPhone ba ta ba ka wannan damar kai tsaye, sai ka sauke wata. Duk da haka sensar waya, wato ɓangaren kyamara da ke kama hasken hoto, ƙarama ce, kuma layi-layi take karanta hoto, shi ya sa ratsin kan dawo idan an rage hasken allon. In sau ɗaya ne a wata, ɗanka ya fito a NTA ko Arewa24 kana son ajiye tarihi, wayar ta ishe ka.

Wanda sana'arsa ce, ni dai babbar kyamara ta hannu zan ba shi shawara, ko da ta shekara goma. Canon EOS 2000D, Nikon D3200 da Sony a6000 duk suna yin aikin. Don ka saita saurin ƙiftawa da kanka, a Canon ka juya maɓallin zuwa Tv, a Nikon da Sony zuwa S. Amma akwai wani bambanci da masu shago ba su cika faɗa ba. Allon filasma ɗigo-ɗigo ne a jere, sensar kyamara ma haka, to in suka haɗu sai ka ga wani zane mai lanƙwasa ya bayyana kamar na jikin shadda. Wasu kyamarori suna da siririn gilashi a gaban sensa da ke rage wannan zanen. D3200 tana da shi, 2000D ma haka, amma Nikon ta cire shi daga D3300 da ta fito a 2014 don hoto ya ƙara kaifi. Ga hoton biki wannan ci gaba ne, ga allon talabijin kuwa tsohuwar ta fi min. In zanen ya fito duk da haka, ka ja baya kaɗan ka zuƙo da lens, yakan ɓace.

Kada kuɗinka su ƙare a kan kyamara ka manta da mariƙi mai ƙafa uku. A 1/25 ko numfashi ka ja hoton zai girgiza. Fitilar kyamara kuwa ba ta da amfani a nan, farin tabo kawai za ta bari a tsakiyar allo, ka kashe ta, ka kashe ƙwan ɗaki, ka saki labule.

Ranar da za ka saya, ko a titin Beirut na Kano ko a Computer Village ta Ikeja, ka roƙi mai shago ya kunna talabijin. Ka ɗauka a 1/25, ka sake a 1/50, ka buɗe hoton ka zuƙo shi har ƙarshe kafin ka ƙirga kuɗi.