Bayan shanyewar ɓarin jiki: a kai shi asibiti ko a kira mataimaki gida?

Idan aka sallami dattijo daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, iyalinsa a Jos sukan tsaya tsakanin hanya biyu.

Ta farko ita ce a riƙa kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Can akwai masu gashin ƙashi da kayan motsa jiki, ga likita kusa idan hawan jini ya tashi. Sai dai daga Anguwar Rogo ko Gangare tafiya ce, kuɗin keke yana ci, ɗaukar mara lafiya da safiyar sanyin Jos kuwa wahala ce. Da yawa sukan gaji su daina.

Ta biyu, mataimakin ƙwararre mai koyar da ayyukan yau da kullum ya riƙa zuwa gida. A nan ne nake ganin alheri ya fi yawa. Yana ganin ainihin banɗakin da Baba zai shiga, da dakalin ƙofa, da tabarmar da yake zama. Zai koya masa sa riga da hannu ɗaya, a fara da hannun da ya shanye. Zai naɗa wa cokali tsumma don ya riƙu, ya nuna masa yadda zai yi alwala a zaune, ya kuma hana 'ya'ya yi masa komai saboda tausayi, don hakan yana ƙara kashe hannun.

Amma mataimaki ba ya tsara magani da kansa. Ƙwararre ne ke dubawa ya tsara, mataimakin ya aiwatar. Masu wannan horo kaɗan ne a Najeriya, don haka a tambayi wanda ke sa masa ido kafin a buɗe masa ƙofa.