Hana giya: hanyar Madina da hanyar Amurka

A Madina mataki-mataki aka bi. Suratul Baƙara, aya ta 219, ta ce zunubin giya ya fi amfaninta. Nisa'i 43 ta hana kusantar salla cikin maye, kuma mai salla biyar a yini, yaushe zai samu sararin sha? Da Ma'ida 90 ta sauko da haramcin giya gaba ɗaya, Anas bin Malik na cikin shayar da baƙi a gidan Abu Ɗalha, nan take aka ce ya zubar. Wannan hanyar ta fi a wurina, domin zuciya aka fara gyarawa.

Amurka kuwa doka ta kafa a 1920. Mashaya suka koma shan ɓoye, 'yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone suka kuɗance, aka soke dokar a 1933.