Toliyen Yelwa da ya cire min ƙarafunan kujerar baya a Picnic

Jama'a masu tambaya ta inbox wa ya gyara min bayan mota, ga bayani a nan kowa ya gani. Motar Toyota Picnic ce tsohuwa, irin mai layin kujera uku, na cire kujerun ƙarshe saboda kaya nake ɗauka daga Garwa zuwa kasuwar Pitowa a arewacin Kamaru ran Lahadi, amma ƙarafunan da ke riƙe da su suna nan tsaye a ƙasa da gefe, duk buhun da ka tura sai sun yaga shi, kwali ma ba ya zama daidai.

Wani toliye ne, wato mai gyaran jikin mota, a unguwar Yelwa ta Garwa, dattijo, ba shi da allon suna ma, rumfar kwano ce kawai da yara biyu masu koyo. Abin da ya fara burge ni bai ɗauko shalimo ba, wato wutar gas ta yankan ƙarfe. Ku da kuka san garejojinmu kun san da ka ce a cire ƙarfe sai a kunna wuta a hau yanka, shi ko cewa ya yi a ɗaga tapi, shimfiɗar ƙasan motar, tukuna, ya leƙa ƙarƙashin motar ya nuna min inda tankin mai yake da bututun birki da wayoyi, ya ce Alhaji wuta ba ta shiga nan. Ya sa yaro ya cire kan bateri kafin a taɓa komai.

Bayanin da ya min shi ne Picnic ba kamar Hilux ko Land Cruiser ba ce da ke da shasi daban a ɗora jiki a kai, ita jikin nata shi ne shasin, to duk abin da ka yanke ba da sani ba ƙarfin motar ka rage. Ƙarafunan kuma kala biyu ne, akwai na bulon, wato masu noti, kwancewa kawai ake yi, akwai waɗanda kamfani ya manna da walda ɗigo-ɗigo, in ka goge fenti za ka ga tabonsu zagaye kamar ƙwayar wake. Waɗannan ɗaya bayan ɗaya ya bi su da mesh, wato bakin injin huda, mai mili 8, yana huda ƙarfen sama kaɗai ya bar na ƙasa, sannan ya sa kurfi siriri ya ɗaga a hankali. Kwanon ƙasan mota bai kai mili 1 ba wlh, in aka ɓanɓare da ƙarfi tare da shi zai taho.

Inda muka ɗan ja da shi, akwai wani ƙarfe da ya ratsa daga gefe zuwa gefe da kuma wajen ɗaure bel a jikin ginshiƙi, na ce a haɗa da su a share wajen gaba ɗaya, ya ce sam. Wai na ratsen shi ke hana jiki murɗewa a ramukan hanya, in babu shi wata rana ƙofar baya za ta ƙi rufuwa, gilashi ma ya iya tsagewa, ya ce in dole sai an cire to in kai wani wajen ba da hannunsa ba. Raina ya ɗan sosu lokacin amma gsky mai neman kuɗinka kawai ba zai faɗa maka haka ba. Katako ya ce in shimfiɗa a kai ya daidaita, haka aka yi kuma ya zauna lafiya.

Bayan ya gama ya goge bakin wajen, ya shafa antiruy, fentin hana tsatsa, ramukan bulon ya toshe su da roba da mastik don ƙura da ruwan damina, da hayaƙin salansa ma da mutane ke mantawa yana shigowa ta nan.

Aibinsa dai jinkiri. In ya ce bayan azahar ka ɗauka gobe ne, in aka ɗauke wuta kuma aiki ya tsaya don ba shi da janareto. Yaran ma sun bar min garin ƙarfe a lungunan, sai da na ce a share don tsatsa yake jawowa. Kuɗi 20,000 ya ce, muka daidaita a 15,000 sefa, fenti ni na saya. Akwai masu yi a ƙasa da haka, amma da shalimo za su yi.

In za ku je ku tafi da safe, ku wanke cikin motar, kuma ku karɓi ƙarafunan da bulon ɗinku ku ajiye, ran da za ku sayar da motar mai saye zai tambayi kujerunsa.